Ƙafafun Yaya Hajara Ba Su Taɓa Yin Ɗumi Ba

Shekara goma sha tara ke nan da aka kai Yaya Hajara makwancinta. Ban taɓa rubuta ko layi ɗaya a kanta ba, duk da na daɗe ina leƙo wannan shafi da 'yan maganganuna a kan makaranta da tarbiyya. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, wato an gama yankan shinkafar damina, hayaƙin gumi ya fara tashi daga gidajen garinmu, sai in soya waina in raba sadaka, in yi mata addu'a, in ja bakina. Bana shirun ya gagare ni, saboda abin da ya same mu a ranin da ya wuce.

Ita ce ta fari a wurin Inna, ni nake bi mata. A wani ƙauye muka tashi tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan noman rani yake bi ta bayan gidaje, gona ba ta hutu, mutum ma ba ya hutu. A cire shinkafa a dasa tumatir, a cire tumatir a zuba masara. Aikin yara mata shi ne kai abinci gona, kuma gonar Baba tana can ƙarshen fadama, sai an bi gefen babbar hanyar ruwa an yi tafiya mai ɗan nisa. Ban tuna ranar da muka yi wannan tafiya ba tare da Yaya ta sauke kwano ta zauna ba. Sai ta miƙe ƙafa tana matsa ƙwaurinta, ta ce, "Lami, tsaya, ƙafafuna sun mutu." Mu zauna har su dawo, mu tashi, can gaba kuma su sake mutuwa. Sau da yawa tuwon ya huce kafin mu isa, Baba ya yi faɗa. Yaran unguwa suka laƙaba mata suna Zauna-mu-huta.

Ban da wannan, tana yawan haɓo, tana yawan ciwon kai. Sannan ga sanyin ƙafa. Tabarma ɗaya muke kwana, ko a tsakiyar bazara ne, ana zufa kamar a cire fata, idan tafin ƙafarta ya taɓa ni sai na zabura, kamar an ɗora mini gindin randa.

Amma babu wanda ya ɗauka ciwo ne, kuma ban ga laifinsu ba. Daga ƙugu zuwa sama Yaya Hajara ƙaƙƙarfa ce. Kafaɗunta faffaɗa, damtsenta a cike. Idan ta kama taɓarya, daga ƙofar gida za ka san ita ce a bakin turmi. Inna takan ce, "Mai wannan dakan ce za ta ce mini tafiya gona ta gagare ta? Ragwanci ne kawai, da son jiki." Yaya ba ta musu. Takan yi dariya ta ce ita dama ba a halicce ta don yawo ba. Mace ce mai barkwanci, bakinta ba ya rasa amsa, shi ya sa ba mu taɓa lura da cewa maganar tana ci mata rai ba.

Da ta auri Malam Isa, manomin rani ne a garinmu, sai ta kama sana'ar gumi, wato turara shinkafa a shanya kafin a kai inji. Sana'ar ta dace da ita, don ba ta da tafiya, duk aikin hannu ne. Har yanzu idan na rufe ido haka nake ganin ta: zaune a kan kujera 'yar tsugunno, gaban murhu, ɓuntun shinkafa yana ci a ƙarƙashin tukunya, fuskarta sharkaf da gumi, amma ƙafafunta miƙe dab da bakin wuta. Matan da ke taya ta su ja baya saboda zafi, ita tana ƙara matsawa.

A awon cikinta na fari aka fara ce mata tana da hawan jini. Aka ce na ciki ne, idan ta haihu zai sauka. Ta haifi Safiya da kyar, ta sha wahalar da muka fid da rai, kuma jinin bai sauka ba. Daga nan aka shiga shekarun magani. A ba ta wannan ƙwaya, a ƙara wata, a canza. Ta bar gishiri, ta bar man shanu, ta sha tafarnuwa da zogale da duk abin da wani ya ce ya yi wa wani amfani. Ciki biyu suka zube. Duk inda muka je, a naɗa mata abin awo a damtse, a duba, a girgiza kai, a ce, "Yarinya ƙarama da irin wannan jini? Ki rage tunani." Ita kuwa ta ce, "To in na rage, wa zan bar wa?"

Wani ma'aikacin lafiya ne a ƙarshe ya gaji da ganin ta, ya ce mu tafi Kano wurin masu duba zuciya. Ni na raka ta, don lokacin na fara koyarwa, ana ganin zan fi fahimtar abin da za a faɗa. Likitan dattijo ne, ba shi da yawan magana. Ya auna ta a hannu kamar yadda kowa ke yi. Sannan ya nemi izininta, ya kira ma'aikaciyar jinya ta tsaya, ya ce ta kwanta. Ya sa yatsun hannu ɗaya a wuyan hannunta, na ɗayan a gindin cinyarta, inda cinya ta haɗu da mara. Ya daɗe a haka, idonsa a rufe. Ya sauka ya taɓa tafin ƙafarta. Daga nan ya sa aka kawo babban abin awo, aka naɗa mata a ƙafa. Tun da muke yawon asibiti ban taɓa ganin an auna jinin mutum a ƙafa ba.

Ya ce, "Tun yaushe ƙafafunki suke sanyi haka?"

Ta dube ni, ta dube shi. Ta ce, "Likita, tun da na san kaina."

"Idan kin yi tafiya fa?"

"Mutuwa suke yi."

Aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka yi hoton zuciya. Da muka koma, ya zana mana a takarda. Ya ce akwai babbar jijiyar jini da ke fitowa daga zuciya, ta lanƙwasa, ta ba kai da hannuwa rabonsu, sannan ta gangara ta kai wa ciki da ƙafafu. Tata, daidai bayan lanƙwasar, a tsuke take, kuma haka aka haife ta. Shi ya sa jini yake taruwa da ƙarfi a sama, ƙasa kuwa ɗan kaɗan yake isa, kuma a makare. Bugun da ya ji a cinyarta da kyar ya same shi. Ya ɗaga hoton ƙirjin ya nuna mana gefen haƙarƙarinta, duk ya yi 'yan gibi-gibi, ya ce ƙananan jijiyoyi ne suka kumbura suna neman wa jinin hanyar zagaye, shekara da shekaru, har suka ci ƙashi.

Yaya ta ƙura wa zanen ido. Can ta ce, "Wato an datse ruwa a sama, gonakin kusa sun cika, na ƙasa suna ƙishi."

Ya ce, "Haka ne." Ya ƙara da cewa da tun tana yarinya aka gano, da an yi mata aiki an buɗe wurin, ta yi rayuwarta kamar kowa. Yanzu ma aikin ne magani, sai dai zuciyar ta yi kauri saboda wahala, jijiyar kuma ta buɗe fiye da kima a gaban tsukewar, bangonta ya yi rauni. Kar ta ƙara ɗaukar ciki, kar ta ɗaga abu mai nauyi.

A motar komawa gida ta juya fuskarta ga taga har muka fita daga gari. Na zaci tsoro ne ya kama ta. Sai da muka fara hango gonakin shinkafa ta juyo, na ga idonta cike da hawaye, bakinta kuma yana murmushi. Ta ce, "Lami, ashe ba ragwanci ba ne."

Ba gidanta muka fara sauka ba, gidanmu muka nufa. Ta zaunar da ni gaban Inna ta ce in maimaita duk abin da likita ya faɗa, kar in rage komai. Na maimaita. Inna ta saurara har ƙarshe. Sannan ta jawo ƙafafun Yaya ta ɗora a cinyarta, ta lulluɓe su da gefen zanenta, tana murzawa tana kuka, tana cewa, "Allah Sarki, 'yar nan. Allah Sarki." Mace mai 'ya, da gidanta da sana'arta, ta zauna ana murza mata ƙafa kamar jaririya.

A wancan lokaci ba a yin irin wannan aiki a kusa da mu. Ko dai a fita da mutum ƙasar waje, abin da ko a mafarki manomi kamar Malam Isa bai isa ba, ko a jira wasu likitoci da aka ce sukan zo daga nesa jefi-jefi su yi wa mutane kaɗan su koma. Muka zaɓi jira, in har ana kiran wannan zaɓi. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo. Duk zuwan da muka yi, sai a ce ba su zo ba tukuna, ko sun zo amma yara suka ɗauka.

Wata Asabar da hantsi na je gidanta. Ta kiyaye dokar likita, ba ta ɗaga komai, mata biyu ke sauke mata tukunya. Tana tsaye ne kawai tana baza shinkafa a kan tamfol. Sai na ga ta saki abin bazawar, ta dafa bango. Ta ce, "Lami, wani abu ya yage a bayana." Fuskarta ta yi fari fat. Aka kira Malam Isa daga gona, aka samo motar ɗaukar tumatir, muka shimfiɗa ta a baya, kanta a cinyata. A hanya ta ce mini in riƙe Safiya. Ta yi kalmar shahada da bakinta. Ba mu shiga Kano da ita da rai ba. Ba ta cika shekara talatin ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da za ta leƙo garinmu yau. Za ta ga injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana a gonaki. Za ta ga manyan injinan casa sun cika bakin titi, har gumin gida ya fara ja da baya. Za ta ga waya a hannun kowa, da abin awon jini a kowane kemis, har a wasu gidajen. Na san ta, da ta yi tsaki ta ce, "Duk wannan kaya, har yanzu hannu kawai ake aunawa?" Amma akwai abin da ba na so ta gani, kuma shi ne ya sa ni wannan rubutu.

Ni na riƙe Safiya tun tana shekara huɗu, Mama take ce mini. Ta yi makaranta, ta yi aure, ta samu ciki. Na matsa mata da zuwa awo, na bi ta na ba da labarin mahaifiyarta, aka yi hoton ciki aka ce ba a ga wata matsala ba. Ta haifi namiji a asibiti, ƙato, mai yawan gashi. Da aka miƙo mini shi, kafin in dubi fuskarsa ƙafarsa na fara kamawa. Da ɗuminta. Na yi hamdala a zuciyata, na ce mun tsira. Aka yi suna, ya ci sunan kakansa Malam Isa, muna kiran sa Abba. Aka yanka rago, gida ya cika da mata, Safiya ta sha kunun kanwa tana dariya.

Kwanaki kaɗan bayan suna, da safe, ta kira ni a waya. Ta ce, "Mama, Abba ya ƙi kama nono. Da ya ja kaɗan sai ya saki, goshinsa ya yi ta zufa." Na bar aji na tafi. Na tarar da shi yana numfashi sama-sama, da sauri, jikinsa ya yi fari, ya saki. Safiya ta ce tun jiya bai jiƙa tsumma sosai ba. Tsofaffin gidan suna cewa sanyin wanka ne ya kama shi, a shafa masa mai a ƙirji. Na kai hannu ƙafarsa. Sanyin nan ne, wanda na kwana da shi a tabarma ɗaya tun ina yarinya.

Gaskiya ita ce, wannan karon babu wanda ya yi sakaci. A asibitin da ke kusa da mu, wani matashin likita ya fara zargin limoniya, wato ciwon sanyin huhu, amma kafin in buɗe baki ya kwance masa tsumma, ya sa yatsa a gindin cinyarsa, ya nema ya rasa. Ya maƙala masa ɗan abin awo a hannu, ya mayar ƙafa, ya ga sun bambanta. Ya sa masa iskar taimakon numfashi, ya ce mu wuce Kano yanzu-yanzu. A Kano wata likita, ba za ta girmi Safiya da yawa ba, ta ɗora masa na'urar hoton zuciya a ƙirji kafin la'asar. Ta juyo da allon ta nuna mini. Ga lanƙwasar, ga tsukewar. Zanen da dattijon nan ya yi mana a takarda ne, sai dai wannan yana motsi.

Na ce, "Likita, ai da aka haife shi na taɓa ƙafarsa, da ɗumi."

Ta ce, "Ba ki yi kuskure ba, Mama." Ta bayyana mini cewa kowane jariri yana zuwa duniya da wata 'yar hanyar jini da yake amfani da ita a cikin ciki. Ita ce take zagaye tsukewar tana kai jini ƙasa, shi ya sa yaro yake fitowa lafiya lau. Bayan haihuwa sai ta rufe da kanta, haka Allah Ya tsara. Ga sauran yara ba komai ba ne, ga irin su Abba kuwa rufewarta ita ce farkon ciwo. Ta ce hoton ciki sau da yawa ba ya kama wannan. Da na ba ta labarin kakarsa, ta ce na Yaya bai kai nasa tsanani ba, shi ya sa jikinta ya samu sararin neman wasu hanyoyi ta girma. Shi nasa ya kusa toshewa gaba ɗaya.

Abin da ya ɗauki Yaya Hajara kusan duk rayuwarta kafin a gano, an gano wa jikanta a yini guda. Na ɗauka wannan shi ne ci gaban da ake faɗa. Har na ji wani sanyi a raina, na ce wa Safiya ta kwantar da hankalinta, an san ciwon.

Sai likitar ta ce akwai wani magani da ake sawa ta jijiya, ya sake buɗe 'yar hanyar nan, ya riƙe yaro har a kai ga aiki. Babu shi a asibitin. Na gan ta tsaye a baranda da waya a kunne, tana kiran wannan tana kiran wancan, har muryarta ta dishe. Mijin Safiya ya zaga manyan shagunan magani na cikin gari a kan babur, wasu ma ba su taɓa jin sunansa ba. Aikin kuma, masu yi wa jariri ɗanye irinsa suna wani gari mai nisa, kuma a halin da yake ciki ba zai jure hanyar ba. Aka samu labarin maganin a can kudu, aka ce za a sako shi a jirgi. Cikin Abba ya kumbura, fitsari ya tsaya. Washegari da azahar, ana jiran jirgi, Abba ya cika. Lallen suna bai gama gogewa daga hannun uwarsa ba.

Safiya ba ta yi kururuwa ba. Ta karɓe shi ta rungume, ƙirjin rigarta ya jiƙe da nono. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Mama, to mene ne amfanin sanin?"

Na yi shekaru ina koyarwa, na saba yaro ya yi tambaya in samo masa amsa ko ta ƙaƙa. Wannan ban da ita, har yau. Na san kowa da ranarsa, na yi imani da haka, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma Shi ne kuma Ya saukar da maganin, yana nan a duniya, a cikin 'yar kwalba, wasu 'ya'yan ana sa musu su rayu su yi gudu. Ba a gano na kaka da wuri ba, ta mutu tana jira. An gano na jika da wuri, ya mutu yana jira. Kwanan baya na koma asibitin don in yi wa likitar nan godiya, aka ce mini ta samu aiki a ƙasar waje ta tafi. Ban ga laifinta ba. Na ga fuskarta a barandar nan.

Duk da haka zan faɗi abin da na sani, ko zai yi wa wani amfani a inda ya fi namu sa'a. Jaririn da ya fito lafiya, sannan ya fara ƙin nono, yana zufa, yana haki, kar a tsaya shafa mai, a kai shi, a roƙi a taɓa bugun cinyarsa. Yaro ko matashi da aka ce yana da hawan jini tun bai kai ko'ina ba, a roƙi a auna shi a ƙafa. Ba ya buƙatar na'ura mai tsada, yatsu biyu ne da ɗan haƙuri. Abin da zai biyo bayan sanin ne ba zan iya yi wa kowa alkawari a kai ba.

Me ya rage na Yaya Hajara? Inna ta bi ta. Malam Isa ya tsufa, ya yi wani iyalin, gidan ma an rushe ɗakinta an yi shago. Ba ta da hoto sai guda ɗaya na ranar aurenta, shi ma ruwa ya taɓa shi. Matan da suka yi gumi tare da ita saura ƙalilan, in na ambace ta sai sun yi tunani kafin su ce, "Af, Hajara, Allah Ya jiƙanta." Da na ce ta bar baya, sai ga bayan an haƙa masa ɗan rami da bai kai tsawon hannuna ba. Saura Safiya, wadda aka duba zuciyarta aka ce lafiya take, amma har yau ba ta yarda a yi mata zancen wani ciki.

A makon jiya ta zo gidana, muna tsince shinkafa a tsakar gida. Can, ba tare da ta ɗago kai ba, ta ce, "Mama, yaya muryar Ummata take? Na yi ta ƙoƙari in tuna, na kasa."

Na buɗe baki zan kwatanta mata. Kalamanta duk suna nan a kaina, na san me ta ce a wuri kaza da wuri kaza. Amma da na kasa kunne in ji sautin, sai na ji muryata ce ke faɗin su. Ban san ranar da tata ta tafi ba. Safiya ta tsayar da hannu a cikin faranti tana jira.

Na ce, "Irin taki ce sak."

Ta yi murmushi, na farko da na gani a fuskarta tun rani, ta ci gaba da tsintar. Allah Ya jiƙan Yaya Hajara, Ya sa Abba ya zama mai ceton iyayensa. Ni kuma Ya yafe mini, don wallahi ban sani ba ko gaskiya na faɗa mata.